Ba Netwok Ba Ne: A Daina Gwada Manhaja a Kan Talakawa

Ranar Lahadi 29 ga Janairun 2023, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya zo Daura ya gana da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ya fito ya sanar cewa an ƙara wa'adin karɓar tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 zuwa 10 ga Fabrairu. Abin da ya biyo baya kowa ya ɗanɗana kuɗarsa. Takardun kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, aka ce kowa ya koma taransfa, miliyoyin mutane suka afka wa manhajojin bankuna lokaci guda, da yawa daga cikinsu suka durƙushe. A kasuwar Mai'adua a gama ciniki, a cire kuɗi daga asusun mai saye, mai sayarwa kuwa ya riƙe igiyar dabbarsa yana duban waya har rana ta faɗi. Duk wanda ka tambaya, daga mai POS har zuwa ma'aikacin banki, amsa ɗaya ce: netwok ne.

Wannan kalma ta zama bargon da ake lulluɓe sakaci da shi. Idan shafin rajistar makaranta ya ƙi buɗewa a ranar ƙarshe, netwok. Idan shafin ɗaukar ma'aikata ya maƙale, netwok. Muna faɗinta kamar yadda ake faɗin hazo ko fari, abin da ba mai iko a kansa sai Allah. Alhali sau da yawa sabis ɗin wayarka lafiya lau yake, shi ya sa kake iya kallon bidiyo a Facebook a daidai lokacin da shafin hukuma ya ƙi motsi. Abin da ya faɗi shi ne manhajar da wani ya rubuta, wani ya karɓa, wani ya sa hannu aka biya, ba tare da an ɗora mata nauyin da kowa ya san za ta ɗauka ba.

Hujjata a wannan maƙala ita ce: manhajar da jama'a za su dogara da ita, idan ba a gwada ta da cunkoso ba kafin a buɗe, ba a gama ta ba, kuma bai halatta a biya kuɗinta ba. Gwajin nan kuwa ba aikin hannu ba ne. Dole ya zama mai sarrafa kansa, yana maimaituwa duk lokacin da aka taɓa manhajar.

Yadda shafi ke durƙushewa

Kowane shafin intanet yana zaune ne a kan saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓar buƙatu tana ba da amsa. Saba tana da iyakar buƙatun da za ta iya riƙewa a lokaci guda, haka ma rumbun bayanan da ke bayanta. Lissafin wannan iyaka bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba.

Mu ƙaddara makaranta ce mai ɗalibai 6,000, rabinsu kuma suka bari sai ranar ƙarshe, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 1 na rana. Mutum 3,000 ke nan a cikin minti 180, kusan 17 a kowane minti. Idan kowa yana ɗaukar minti 10 kafin ya gama, to a kowane lokaci akwai kusan mutum 170 a cikin shafin. Idan an gina shi ne ya ɗauki 100, sai ya fara nauyi. Da ya yi nauyi, aikin minti 10 ya koma na minti 30, waɗanda ke ciki suka zama 500. Kowannensu kuma ya ƙosa, yana ta danna maɓalli, kowace dannawa sabuwar buƙata ce a kan sabar da tuni numfashinta ya ɗauke. A haka shafi ke mutuwa: jinkiri ya haifi cunkoso, cunkoso ya ƙara jinkiri.

Ka lura da abu guda. Babu ko lamba ɗaya a cikin wannan lissafi da magatakardan makarantar bai sani ba tun watanni kafin ranar. Ya san yawan ɗalibansa, shi ya sa ranar rufewa da hannunsa, ya kuma san halin mutanenmu na jiran ranar ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu ranar tafiyar ce muke fara tambayar ko gorar tana yoyo.

Mene ne gwaji mai sarrafa kansa

Injiniyan gini na ƙwarai ba ya yarda da kankare don ya yi kyau a ido. Yakan ɗebi samfuri, a matse shi a inji bayan kwana 7 da bayan kwana 28, a rubuta nauyin da ya ɗauka kafin ya fashe. Mai haƙa rijiyar burtsatse na gaskiya yakan ja ruwa na sa'o'i a jere don ya ga ko idon zai ƙafe. Manhaja ma tana da irin wannan awo.

Injiniya yakan rubuta ƙaramin umarni da ke kwaikwayon abin da mutum zai yi: ya buɗe shafi, ya sa suna da lambar sirri, ya cike fom, ya ɗora hoto, ya biya kuɗi, ya fitar da takarda. Sai a sa kwamfuta ta maimaita wannan da mutanen bogi 1,000 ko 50,000 a lokaci guda, tana auna tsawon lokacin kowace amsa da yawan buƙatun da suka gaza. Akwai gwajin nauyin da ake tsammani. Akwai na ƙure iyaka, inda ake ta ƙara mutane har sai shafin ya karye, don a san inda yake karyewa. Akwai na tururuwa, inda dubbai ke shigowa cikin minti ɗaya kamar ranar sakin sakamakon jarrabawa. Akwai kuma na juriya, inda ake barin nauyin kwana ɗaya ko biyu, domin wasu manhajoji sai sun daɗe suna aiki ƙwaƙwalwarsu ke cika.

Abin da ake dubawa a sakamakon ma yana da ƙa'ida. Ɗan kwangila zai nuna maka matsakaicin lokaci, ya ce shafi na amsawa cikin daƙiƙa 2. Matsakaici kuwa maƙaryaci ne: idan mutum 90 sun sami amsa nan take, 10 suka jira minti guda, lissafin zai fito da fuska mai kyau. Tambayar da ta dace ita ce, cikin mutum 100, nawa ne lokacin da na 95 ko na 99 ya jira? Wannan na ƙarshen layi shi ne ɗan Ɓaure mai tsohuwar waya.

Me ya sa sai mai sarrafa kansa? Dalili biyu. Na farko, ba ofishin da zai iya tara mutum 20,000 su danna maɓalli a daƙiƙa ɗaya, kwamfuta kuwa tana yi da dare kowa na barci. Na biyu, manhaja ba gini ba ce da ake gamawa a tafi. Kowane mako ana gyara ta, kuma gyaran layi ɗaya na iya mayar da aikin daƙiƙa ɗaya ya koma na goma. Gwajin da aka yi watan jiya bai ce komai a kan manhajar yau ba. Don haka ake ɗaure gwajin a jikin hanyar fitar da manhaja: da an yi canji sai ya tashi da kansa, in sakamakon ya gaza ma'aunin da aka sa, ƙofa ta rufe, canjin ba zai kai ga jama'a ba ko da shugaban hukuma ne ke gaggawa.

Darasin da muka riga muka biya

Ranar 25 ga Fabrairun 2023, Shugaba Buhari ya kaɗa ƙuri'arsa a mazaɓar Sarkin Yara a Daura. Hukumar zaɓe ta INEC ta yi alkawarin cewa hoton takardar sakamakon wannan rumfa, da na sauran rumfunan ƙasar 176,846, zai hau shafin IReV kowa ya gani. Shafin ya yi aiki a zaɓukan gwamnonin Ekiti da Osun a 2022. A ranar babban zaɓe kuwa, sakamakon 'yan majalisa na shiga, na shugaban ƙasa ya maƙale har dare. Washegari hukumar ta ce tangarɗa ce da ta taso daga faɗaɗa shafin, daga ɗaukar zaɓen jiha ɗaya zuwa na ƙasa baki ɗaya. A rahoton da ta fitar daga baya, ta bayyana cewa tsarin ya kasa sanin inda zai ajiye sakamakon shugaban ƙasa, domin an saita shi ne a kan zaɓukan da ke ƙarƙashin jiha.

Gwajin da jama'a suka gani kafin zaɓen shi ne na tantance masu zaɓe da aka yi ranar 4 ga Fabrairu, a rumfuna 436. Rumfa ɗaya ke nan cikin kowace 400. Irin wannan gwaji yana nuna ko na'ura na gane yatsa da fuska. Ba ya nuna abin da zai faru idan ƙasa duka ta turo takardu da yammaci ɗaya. Da an sa kwamfuta ta kwaikwayi duk rumfunan nan tana turo sakamakon bogi na zaɓuka uku, na shugaban ƙasa da na dattawa da na wakilai, a kan ainihin tsarin da za a yi amfani da shi, da kuskuren ya bayyana tun a takarda ta farko. Kotun Ƙoli ta yanke hukuncinta ranar 26 ga Oktoban 2023, shari'a ta ƙare. Amma yardar da ta zube a wannan dare ba kotun da za ta kwaso ta, kuma asarar ta shafi wanda ya ci da wanda ya faɗi.

Sai hukumar JAMB. Ranar 14 ga Mayun 2025, shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya tsaya gaban 'yan jarida yana hawaye, ya amsa cewa an sami kuskure a sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Wannan ba cunkoso ne ya jawo shi ba. Gyara aka yi wa manhajar, gyaran bai kai ga wasu sabobin ba. Dattakun amsa laifi abin yabo ne, kuma ba kasafai muke ganinsa ba. Sai dai darasin na nan: gyaran da aka bar wa ɗan Adam ya bi saba-saba da hannu, wata rana zai manta da ɗaya. Gwajin da ke tashi da kansa bayan kowane canji, ya bi kowace saba ya tabbatar tana ba da amsar da ta dace, ba ya mantuwa, ba ya gajiya. Ɗaliban Katsina sun tsira a wannan karo, amma ba don wata dabara tasu ba.

Kada a ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai. Ranar 1 ga Oktoban 2013 Amurka ta buɗe shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov, ya durƙushe a ranar farko, mutum 6 kacal suka iya kammala rajista. Bincike ya nuna cewa a gwajin da aka yi dab da buɗewa, 'yan ɗaruruwan mutanen bogi ma sun kayar da shi, aka rufe ido aka buɗe don ranar da aka sa ta zo. Bambancinmu da su shi ne abin da ya biyo baya: majalisa ta kira jami'ai da 'yan kwangila ta titsiye su a bainar jama'a. Ba wanda ya tsira da cewa netwok ne.

Uzurori huɗu

Za a ce gwajin na da tsada. Kayan aikin da aka fi amfani da su a duniya, irin su JMeter da k6 da Locust da Gatling, kyauta ake saukar da su. JMeter ya haura shekara 20 a hannun jama'a. Abin da ake biya shi ne kwanakin injiniya da hayar sabobi na 'yan sa'o'i. A kwatanta wannan da kuɗin rumfa da kujeru da abincin bikin ƙaddamar da shafin. A kuma kwatanta shi da kuɗin sake shirya jarrabawa ga ɗalibai kusan 380,000.

Za a ce mutanen Najeriya sun yi yawa, ba shafin da zai ɗauke su. Amma a watannin ƙarancin kuɗin nan na 2023, mutanen da manhajojin manyan bankuna suka gaza ɗauka su ne suka kwarara zuwa OPay da PalmPay da Moniepoint, da wayoyin nan da sabis ɗin nan, aka kuma ga bambanci. Yawan jama'a lamba ce da ake sani tun farko a yi shiri a kanta.

Za a ce masu kutse ne. Kutse gaskiya ne, yana faruwa. Sai dai harin da ake kai wa shafi don a toshe shi, cunkoso ne na ƙarya, kuma wanda ya san iyakar shafinsa shi ne zai iya bambance hari da tururuwar masu rajista. Wanda bai taɓa aunawa ba, duk taron da ya fi ƙarfinsa sai ya kira shi hari.

Za a ce ai an gwada, shugaba ma ya gani da idonsa. An gwada a ɗakin taro mai sanyi, kwamfuta ɗaya, intanet mai ƙarfi, ɗan kwangila na danna wa da kansa. Wannan nuni ne. Kamar a gwada gada ne ta hanyar tura yaro ɗaya a keke, sannan a buɗe wa tireloli.

Wa ke biyan kuɗin sakacin

A 'yan shekarun nan Daura ta sami Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, ga Kwalejin Yusuf Bala Usman da ta riga su. Shiga manyan makarantu a yau ta shafin JAMB yake bi, kuɗin makarantun tarayya ta Remita, layin waya kuwa tun umarnin Disambar 2020 an ɗaure shi da lambar NIN. Kusan duk ƙofar da matashin masarautar nan zai bi zuwa karatu ko aiki ko tallafi, shafin intanet ne ke gadinta.

Idan shafi ya faɗi, ma'aikacin da ke Abuja zai jira dare ya sake gwadawa daga kan gadonsa. Yarinyar da ta taso daga wani ƙauyen Zango ko Sandamu ta biya kuɗin mota zuwa Daura, ta biya mai kafe, ta wuni a benci, ta koma gida ba ta yi ba. Gobe sai an sake nema mata kuɗin mota, in mahaifinta bai ce a haƙura ba. Wanda ke kusa da Kongolam kuwa, wayarsa ma takan ɗauko sabis ɗin Nijar ta saki na gida. Ba wanda ke rubuta sunayen waɗanda suka haƙura. Rahoton hukuma zai ce mutum kaza suka yi rajista, ba zai ce nawa suka gwada suka gaza ba.

Mutanen Daura sun san labarin Kusugu: rijiya cike da ruwa, amma maciji ya hana a ɗiba sai ranar Juma'a. Shafin da ba ya buɗewa sai ƙarfe biyun dare irin wannan rijiya ce. Kuma duk inda ruwa ya yi wuya, masu sayar da shi kan fito: mai cewa kawo wani abu in shigar maka ta bayan gida. Manhajar da aka kawo don ta kashe cin hanci, in ta yi nauyi, ita ce ke buɗe masa sabuwar kasuwa.

Shi ya sa gwajin da za a yi mana dole ya yi kama da mu. Kayan gwajin nan na iya kwaikwayon sabis mai rauni da haɗin da ke yankewa a tsakiyar biya. Mai sabis mai rauni yakan daɗe a cikin shafi, don haka mutum 1,000 daga Ɓaure sun fi mutum 1,000 daga Maitama nauyi a kan saba. Gwajin da bai sa wannan a lissafi ba, wata ƙasa ya gwada.

Abin da ke hannunmu

Masu karanta wannan wasiƙa su ne masu zama a kwamitocin kwangila, da magatakardai, da akantoci, da lauyoyi, da injiniyoyi. Ba sai ka iya rubuta manhaja ba kafin ka yi aikinka a nan.

In kana rubuta takardar kwangila, ka sa lambobi a ciki: mutum nawa a lokaci guda, daƙiƙa nawa ga kashi 95 cikin ɗari na buƙatu, kashi nawa na gazawa za a lamunta. Kalmomi irin su "mai sauri" da "mai inganci" ba su da amfani a gaban alƙali. Ka sa umarnin gwajin kansa ya zama cikin kayan da za a miƙa wa hukuma, don ma'aikatanta su iya sake kunna shi bayan ɗan kwangila ya tafi. Ka riƙe kason ƙarshe na kuɗi har sai shafin ya tsallake ranar cunkosonsa ta farko. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

In kana sa hannu a kan biya, ka nemi rahoton gwaji mai kwanan wata, ka tabbatar an yi shi a kan sigar da za a buɗe, da ninki biyu na cunkoson da ake tsammani. Hukumar NITDA, da doka ta ɗora wa tantance ayyukan fasahar zamani na ma'aikatun tarayya, da hukumomin kula da kwangiloli na tarayya da na jiha, ya kamata su mayar da wannan rahoto sharaɗi kamar takardar shaidar biyan haraji.

In kai malami ne a sashen kwamfuta, kada ɗalibi ya kare aikinsa na ƙarshe da nunin kwamfuta ɗaya. Ya faɗi mutum nawa manhajarsa ke ɗauka, ya nuna inda ta karye da abin da ya karya ta.

In kuwa ɗan jarida ne kai ko lauya, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukumar tarayya ka nemi takardunta. Duk ranar da shafinta ya faɗi aka ce netwok ne, ka rubuta ka yi tambaya uku: mutum nawa aka gina shi ya ɗauka, yaushe aka gwada shi na ƙarshe, wa ya sa hannu a kan sakamakon. In akwai rahoton, a fito da shi. In babu, to mun san sunan abin da ya faru, kuma mun san ofishin da ya faru a cikinsa.